Haƙƙin Barci: Yadda Za Mu Yi da Maƙwabci Mai Ƙure Kiɗa

Jawabin kwamitin kula da haƙƙin membobi a taron magidanta na Shadawanka, Bauchi

 

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne maƙwabcin da ke ƙure kiɗa har dare ya raba. Mun san wasu za su ce wannan ai ƙaramar magana ce, domin idan aka kira taron haƙƙi abin da muka saba ji shi ne takardar shaidar asali, da gurbin karatun 'ya'yanmu, da rigimar filaye. To amma a tambayi matar da ke da jinjiri ɗan wata uku, ko dattijo mai hawan jini, ko direban da zai kama hanyar Jos da asuba, ko yarinyar da za ta zauna jarrabawar WAEC da safe, a ji ko su ma a wurinsu ƙarama ce. Kuma duk wanda ya taɓa zama a kwamitin sulhu ya san cewa faɗan da ke kai mutane ofishin 'yan sanda sau da yawa daga irin wannan yake somawa.

Akwai kalma ɗaya da ke rufe wa mutanenmu baki a wannan al'amari. Mutum zai daure, ya je ya yi sallama, ya roƙi a rage sauti, sai a ce masa: "Ai zuwa ka yi ka tarar da mu." Wani lokacin ma ba a faɗa ba, shi da kansa yake faɗa wa kansa. Wasunmu daga Kano suka zo, wasu daga Katsina ko Zamfara, wasu rikicin Jos na 2001 ko na 2008 ne ya taso su, wasu kuma daga Borno da Yobe. Mafi yawa a gidan haya muke. Saboda haka sai mutum ya ga kamar in ya yi magana ya yi butulci ga garin da ya karɓe shi, sai ya haɗiye. Zai yi wata shida yana haɗiyewa, rannan sai a wayi gari ɗansa ya tara abokai sun je sun tsinke wayar lasifika, ko sun yi jifa a kan kwanon mutane. Daga nan mai gaskiya ya koma mai laifi. Tsakanin wannan shirun da wannan jifan akwai hanya mai faɗi, ita muke so mu bi da ku yau.

Bari mu fara da waccan kalmar. Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan ƙasa ikon ya zauna a duk inda ya so a cikin ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci a doka ko a aikin hukuma saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko garin da ya fito. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar gida ko fili a ko'ina. Babu inda aka ce sai mai takardar asalin ƙaramar hukumar Bauchi ne zai iya kai ƙara a kan hayaniya. Kotu ba ta tambayar sunan garin kakanka kafin ta saurare ka. Abin da take tambaya shi ne, kana zaune a gidan bisa ƙa'ida, ko naka ne ko haya kake biya? In dai haka ne, to kana da bakin magana.

Ita kanta hujjar "ka zo ka tarar da mu" an daɗe da kai ta gaban alƙali, kuma ta faɗi. A Landan a shekarar 1879 an yi wata shari'a tsakanin wani likita mai suna Sturges da wani mai sana'ar alewa mai suna Bridgman. Mai alewar ya fi shekara 20 yana daka da manyan turame a wurin, babu wanda ya ce masa uffan. Sai likitan ya gina ɗakin ganin marasa lafiya a jikin bangon, ƙarar dakan ta hana shi aiki. Mai alewa ya ce ni na riga ka. Kotu ta ce rigaye ba lasisin cutar da maƙwabci ba ne, ta ba likita gaskiya. Dokar ɓarna tsakanin maƙwabta da manyan kotunanmu ke aiki da ita daga ta Ingila aka gaje ta, saboda haka wannan ƙa'ida har gobe lauyoyinmu suna kafa hujja da ita.

A nan gida ma akwai misali da ya yi daidai da abin da ke damunmu. A 1967 wani mutum mai suna Moore ya kai maƙwabcinsa Nnado ƙara, saboda Nnado yana da mashayar bammi a jikin gidansa, yana ƙure garmaho kullum har tsakar dare, har ta kai Moore ya toshe tagoginsa. Alƙalin da ya yi shari'ar shi ne Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wanda daga baya ya shugabanci kwamitin binciken take haƙƙin ɗan'adam da aka kafa a 1999. Ya yanke cewa ƙarar ta wuce abin da ya kamata maƙwabci ya jure, ya kuma ba da umarnin a daina. (Abin dariya, ɗan wannan alƙalin shi ne mawaƙin nan Charly Boy.) Sannan a 1970 a Legas, M.K.O. Abiola ya yi ƙarar maƙwabcinsa a Surulere saboda kukan kaji wajen 400 da warinsu, shi ma ya yi nasara. To idan kukan kaji ya isa a je kotu, ina ga lasifika huɗu da janareta?

Amma shari'ar da ta fi shafar ƙungiya irin tamu ita ce ta mazauna rukunin gidajen Ire-Akari da ke Isolo a Legas, waɗanda suka yi ƙarar kamfanin tireloli na Interland Transport saboda hayaniya da tare hanya. A da, in abu ya dami unguwa baki ɗaya, ana cewa sai da hannun Antoni-Janar za a shigar da ƙara. A 1991 Kotun Ƙoli ta ce a'a, mutanen da abin ya shafa suna iya zuwa da kansu, muddin za su nuna cutar da ta same su. Wato dai jama'ar unguwa ba sa buƙatar wani babba a gidan gwamnati kafin a buɗe musu ƙofar kotu. Ga mutanen da ba su da uwa a gindin murhu irinmu, wannan hukunci ba ƙaramin abu ba ne.

To, yaya ake gane sauti ya wuce kima? Domin mai kiɗa kullum zai ce shi bai ji ya yi yawa ba. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da ƙa'idojin muhalli, wato NESREA, ita kuma a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan hayaniya. Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Ƙa'idojin sun raba yini biyu: rana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, dare kuma daga 10 zuwa 6 na safe. A unguwar da ta zama ta gidajen kwana zalla, iyakar ita ce desibel 50 da rana, 35 da dare. A unguwar da gidaje suka cakuɗa da shaguna da wuraren shaƙatawa, wadda ita ce ta fi kama da yawancin layukanmu, iyakar 55 ce da rana, 45 da dare. Kusa da asibiti ko babbar makaranta kuwa 45 da rana, 35 da dare.

Waɗannan lambobi ba za su yi ma'ana ba sai an kwatanta su da abin da kunne ya sani. Hirar mutum biyu da ke zaune kusa da juna tana kai desibel 60. Kun ga ke nan da dare doka ba ta yarda sautin da ke isowa gidanka ya kai ko na hira ba. Kuma ma'aunin ba kamar mudu yake ba, da za a ce 80 ninkin 40 ne. Duk ƙarin desibel 10, kunne yana jin sautin kamar ya ninka sau biyu, saboda haka tazarar da ke tsakanin 45 da 75 ta kai kamar ninki takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sauti a cikin ɗakin kwana ya wuce desibel 30 in ana son barci mai kyau, kuma likitoci sun tabbatar cewa wanda ke yini cikin sautin da ya kai 85 kunnensa na lalacewa a hankali, lalacewar da ba ta gyaruwa. Shi kansa yaron da ke tsaye gaban lasifikar ya fi kowa cutuwa, bai dai sani ba.

Dokar NESREA, a yadda aka rubuta ta a 2007, ta sa wa mutum ɗaya tarar da za ta iya kai naira 50,000 ko ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, da ƙarin naira 5,000 a kan kowace ranar da ya ci gaba. Kamfani kuwa har naira 500,000. Ƙa'idojin 2009 sun ba kowa damar ya rubuta koke ga hukumar, kuma sun ba hukumar ikon ƙwace kayan da ake hayaniyar da su. A matakin jiha muna da BASEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Bauchi. Ban da wannan, tsohuwar dokar finalkod ta Arewa ta ɗauki damun jama'a a matsayin laifi tun zamanin Sardauna.

Ba za mu ɓoye muku ba, doka a takarda daban, aiki da ita daban. Waɗannan hukumomi ba sa sintiri da dare da na'urar awo a hannu, kuma wanda ya shigar da ƙara a babbar kotu ya shirya wa ɗage zama da kuɗin lauya. Amfanin sanin dokar ya fi yawa tun kafin a je kotu: mutumin da ya san yana da gaskiya ba ya magana da rawar murya, ba ya kuma magana da zagi. Kuma mai gidan rawa da aka nuna wa takarda mai lambobi yakan sauya fuska fiye da wanda aka ce wa "don Allah".

Yanzu sai yadda za a yi. Mataki na farko shi ne wanda mutane suka fi ɓatawa. Kada ka je lokacin da kiɗan ke tashi. Ƙarfe ɗaya na dare, kai ranka a ɓace, shi yana cikin abokansa, wataƙila ma an sha wani abu, babu abin da zai fito daga wannan haɗuwar sai abin kunya. Ka bari gari ya waye, ka same shi shi kaɗai, ku gaisa sosai, ka tambayi iyali. Sannan kada ka ce masa ya daina kiɗa, domin ba ka da wannan ikon, kuma da ka faɗi haka ya daina saurarenka. Ka nemi abu ƙayyadadde wanda zai iya yi: ya rage daga ƙarfe goma, ya juya bakin lasifikar daga tagarka, ya sauke ta daga kan katanga, ya ɗaga ta daga jikin bangon da kuka haɗa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin dukan gangar nan mai nauyi da ke sa ƙirji bugawa ta cikin bulo da siminti yake bi, rufe taga ba ya tare shi. Sau da yawa matsar da akwatin taku uku da ɗora shi a kan tabarma ko tsohuwar katifa yakan kashe rabin rigimar. Kuma ka faɗa masa dalilinka da sunansa: tsohuwa ce ba lafiya, jariri ne, jarrabawa ce. Mutum yakan ji kunyar tsohuwa ko da bai ji tsoron doka ba.

Iyayenmu mata, a nan ku kuka fi mu iyawa. Maganar da maigida zai je ya yi ta zama gardamar girma, uwargida takan gama ta ta kan katanga da matar maƙwabci cikin minti biyar. Abin da muke roƙo kawai, kada a aika yara da saƙon, kuma kada a yi habaici a bakin famfo.

In an yi magana sau biyu ba a ga canji ba, sai a soma rubutu. A sami littafi ɗan naira kaɗan, a riƙa rubuta rana, da lokacin da kiɗan ya fara, da lokacin da ya tsaya, da abin da ya jawo: yaro bai je makaranta ba, an kai mara lafiya asibiti, an kwana a zaune. A ɗauki sautin da waya daga cikin ɗakinka, taga a rufe, kada a leƙa gidan mutum da kyamara domin shi ma sashe na 37 ya kare sirrin gidansa. Akwai manhajojin waya da ke auna desibel. Ba su kai na'urar hukuma daidaito ba, amma suna nuna wa mai sulhu girman abin. Wannan dabara ta kafa shaida tsohuwa ce. Wani magini a birnin Tunis mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalan Malikiyya ke aikawa ya duba rigimar maƙwabta a ƙarni na 14, ya bayyana yadda ake gwada ko dutsen niƙa na girgiza bangon maƙwabci: a rataye takarda da zare huɗu a jikin bangon, a zuba ƙananan busassun iri a kai, a ce mai niƙa ya tayar. In irin ya motsa, an kama shi. Shekara 700 ke nan, kuma darasin bai sauya ba: alƙali yana son abin da zai gani, ba rantsuwar ɓacin rai ba.

Daga nan sai mai gidan haya, in mai kiɗan ɗan haya ne. Mai gida ba ya son gidansa ya yi suna, kuma damun maƙwabta na cikin dalilan da doka ta yarda a nemi ɗan haya ya tashi saboda su. Mun san tsoron da ke zuciyar wasunku: in gida ɗaya kuke, kuma mai kiɗan ɗan'uwan mai gida ne, kada a ce kai ka kwashe kayanka. Ku sani mai gida ba shi da ikon fitar da kaya waje ko cire ƙofa ko kwance kwano. Ƙa'idar da aka sani a dokokin karɓar gida a ƙasar nan, in babu wata yarjejeniya a rubuce, ita ce mai biyan wata-wata a ba shi notis na wata ɗaya, mai biyan shekara a ba shi na wata shida, bayan ya cika a ƙara masa na kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Saboda haka ku riƙa adana rasiɗin haya.

Sai mai unguwa. Ga su nan zaune, kuma a gabansu muke faɗa: babu wata hukuma da ta kai su saurin kashe irin wannan wutar. Mai unguwa ya san uban yaron, ya san wanda ya sayar da filin, in abin ya fi ƙarfinsa ya san hanyar gidan hakimi. Amma kada mutum ɗaya ya je. A je gida uku ko huɗu, kuma a nan ne muke so ku buɗe kunne da kyau: a tabbata cikin masu zuwan akwai ɗan gari, akwai Kirista, akwai wanda ba Bahaushe ba. Kiɗan da ya hana ka barci ya hana Basayen da ke bayanka, ya hana Bajaren da ke gabanka, ya hana matar sojan da ta fito daga Binuwai. In Hausawa baƙi zalla suka je, za a ce baƙi sun haɗa kai a kan ɗan gari, ko Musulmi sun taso wa mai mashaya. In aka je a cakuɗe, magana ta tsaya a kan barci.

Ba don tsoro muke nanata wannan ba, don mun san garin da muke ciki ne. Rikicin Afrilun 1991 da ya taso daga Tafawa Ɓalewa ya iso har cikin Bauchi, daga gardama a kan nama ya fara. Na Fabrairun 2009 a unguwar Makama shi ma daga saɓanin maƙwabtaka tsakanin masu ibada ya kunno kai, aka rasa rayuka da gidaje. Duk sa'adda irin wannan ta tashi, wanda ba shi da dangi a gari shi ke fara kwana a filin bariki ko ofishin 'yan sanda da 'ya'yansa. Saboda haka duk wanda ya zo wa kwamiti da koken hayaniya ya soma da "arnan nan" ko "'yan ƙabilar nan", za mu ce ya koma gida ya sake shiri.

In sulhu ya ƙi, sai takarda. Kwamiti zai taimaka a rubuta koke zuwa ga BASEPA, a aika kwafi ga NESREA da shugaban ƙaramar hukuma, da sa hannun gidajen da abin ya shafa, da kwafin littafin nan na rana da lokaci. A kai da hannu, a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafinku. 'Yan sanda kuwa wurinsu shi ne inda aka yi barazana, ko aka zare makami, ko ana ganin faɗa na shirin ɓarkewa. A je wurin DPO da rana a yi bayani. Kada a biya wani ya je ya kama maƙwabci ya kwana a sel don a huce haushi: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba, kuma maƙwabcin da ka sa aka kulle, ko ya rage kiɗa, ka sayi gaba ta shekara goma. Idan duka ɓangarorin Musulmi ne, kotun shari'a na sauraron ƙarar cutarwa tsakanin maƙwabta, kuma takan fi sauri da arha. Wanda ba shi da halin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa a nan Bauchi, ya ji shawararsu.

Akwai abin da ya bambanta Shadawanka da sauran unguwanni, shi ne bariki. Maƙwabtanmu da yawa sojoji ne na Birget ta 33, ko iyalansu, ko waɗanda suka yi ritaya suka gina a nan. Soja da ke haya a cikin gari dokar hayaniya ta hau kansa kamar kowa. Bambancin shi ne yana da wata hukuma a kansa wadda yake jin maganarta fiye da ta kowa, kuma aikin soja ba ya wasa da sunan da aka kai gaban kwamanda. To amma a bi ta ƙofa. Dattawa biyu ko uku tare da mai unguwa, da takarda a hannu, da rana, su nemi ganin samanja ko jami'in hulɗa da farar hula. Tun 2016 rundunar sojan ƙasa ta buɗe teburin karɓar koke-koken haƙƙin ɗan'adam, ga wanda aka yi wa barazana ko duka. Abin da ba za a taɓa yi ba shi ne tara matasa a nufi ƙofar bariki, ko da rana balle da dare. Waɗanda suke nan a daren 29 ga Mayun 2011, ranar da aka rantsar da Shugaba Jonathan, sun tuna bama-baman da suka tashi a kasuwar mami ta wannan barikin, mutane fiye da goma suka mutu. Mai gadin da ke tsaye a ƙofar nan an koya masa ya ɗauki taron da ya nufo shi da duhu a matsayin hari, ba zai tsaya tambayar ko maganar lasifika ce ta kawo ku ba.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mai ɗaci. Ranar da muka kai koke, abin da za a fara yi shi ne a juyo da madubi. Bikin 'ya'yanmu fa? Wane ne a cikinmu bai taɓa tare layi da rumfa ba, aka kawo mai kiɗan DJ tun la'asar har ƙarfe biyu? Shagunan tura waƙoƙi a waya da ke bakin titi, 'ya'yan wa ke ciki? Gidan kallon ƙwallo, injin markaɗe da ake tayarwa kafin asuba, janareta da ake turawa bayan ɗaki daidai tagar maƙwabci domin kada ta dami mai ita, duk muna da hannu a ciki. Har da lasifikar wa'azi da ake bari a buɗe bayan an watse, ko karatun kaset da ake sakewa tun ƙarfe uku na dare. Malamanmu na nan, sun fi mu sanin girman haƙƙin maƙwabci da hukuncin cutar da shi, kuma sun san kiran salla na minti uku daban yake da lasifikar da ke kwana tana aiki. Ma'aunin desibel bai san waƙa ba, bai san wa'azi ba, bai san na coci ba, bai san na masallaci ba. In muna so mai unguwa ya tsaya mana a kan mashaya, to sai mun yarda ya tsaya wa wani a kanmu.

Saboda haka kwamiti na kawo shawara gaban wannan taro, a tattauna, in an amince a sa hannu. Duk memba da zai yi biki ya sanar da gidajen da ke kewaye da shi kwana uku kafin ranar, ya kuma kashe lasifikar waje da ƙarfe goma na dare, daidai da lokacin da ƙa'idar 2009 ta ce dare ya fara. Duk mai janareta ya matsar da ita daga tagar maƙwabci. Duk wanda aka kawo ƙararsa gaban kwamiti a kan hayaniya ya amsa kira, ko da wanda ya kawo ƙarar ba ɗan ƙungiya ba ne. In mun sa hannu, za mu kai kwafi ga masu unguwanni, mu roƙe su su gabatar da ita ga shugabannin coci-coci da na masallatai da masu wuraren shaƙatawa, ko za ta zama yarjejeniyar unguwa baki ɗaya.

Waɗanda ke da koke a ƙasa yanzu, su ga sakatare bayan an tashi, da rasiɗin hayarsu da abin da suka rubuta na rana da lokaci. Wanda bai iya rubutu ba ya zo da bakinsa, akwai matasa biyu da za su zauna su rubuta masa. Mata kuma shugabar mata za ta karɓi nasu a ɗakin baya.

Mai girma shugaba, a nan za mu dakata domin a ba masu tambaya dama.